Na haɗa sabuwar kwamfuta amma ta ƙi tashi: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfuta da hannunsa ya san wannan faɗuwar gaban. Ka daɗe kana tara kuɗi, ka sayi kaya ɗaya bayan ɗaya ga tsadar dala, ka zauna ka ɗaure komai tsaf, ka danna maɓalli kuma shiru kake ji. Waɗannan su ne tambayoyin da ake ta maimaita min, na ga gara in tara su wuri ɗaya. Abin da nake so ka fara sawa a ranka shi ne mafi yawan lokuta babu abin da ya ƙone, wani abu ne bai zauna daidai ba ko wata waya ce aka manta, don haka dan Allah kar ka yi saurin yanke hukuncin cewa an cuce ka ko ka ruga sayen sabon bod, wato madabod, babban allon da sauran kayan ke hawa kansa.

Na danna maɓalli ko motsi ba ta yi, ba fitila ba fanka. Daga ina zan fara?

Daga bango. Ka gwada soket ɗin da wani abu, ko cajar waya ce ko fanka, kuma in kana amfani da ekstenshon cire shi ka jona kai tsaye, don irin masu arhar nan suna da ramin da ke bada wuta da wanda ba ya bayarwa. Wayar wutar ita kanta in mai kai uku ce akwai fiyus a cikinta, yana iya yankewa, ara ta monita ka gwada. Sannan ka leƙa bayan fawa fak, akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, akwai ɗan makunni mai alamar I da O, sai yana kan I wuta za ta shiga, wannan kaɗai ya sha tayar wa mutane da hankali a banza.

In duk wannan lafiya, sai ka koma ciki. Babbar waya mai fin 24 da ke tahowa daga fawa fak zuwa bod tana da tauri sosai in sabuwa ce, mutum zai ga kamar ta shiga alhali gefe ɗaya a ɗage yake, ka tallafi bod ɗin ta ƙasa da yatsa ka danna har maƙalinta ya kama. Bayan ita sai ƙananan wayoyin nan na gaban kesin masu ban wahala, wadda aka rubuta POWER SW ko PWR_SW a jikinta dole ta hau fin biyun da littafin bod ya nuna, in ta goce da fin ɗaya to maɓallin ba zai yi komai ba. Ita ba ruwanta da wane gefe ne ƙari wane ne ragi, na fitilu ne ke da wannan sharaɗin.

Ta ya zan gane ko maɓallin kesin ne ya lalace?

Zare wayar PWR_SW ɗin, ka ɗauki sukundireba ka taɓa fin biyun nan tare na daƙiƙa ɗaya ka ɗauke. Aikin da maɓallin yake yi ke nan, ba wani haɗari in dai fin biyun kawai ka taɓa. In ta tashi to matsalar daga kesin ne, kafin ka samu gyara ma za ka iya jona wayar RESET SW a wurin ka riƙa kunnawa da ita.

Fankoki na juyawa, fitilu sun kama, amma monita baƙi ƙirin. Mene ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma dalilanta ma sun fi yawa, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Na farko duba inda ka jona wayar monita. In kana da katin girafik, HDMI ɗin a jikin katin za ta shiga, wato ramukan da ke ƙasa a kwance, ba na jikin madabod da ke sama kusa da ramukan USB ba. In kuma ba ka sa kati ba to ka tabbata farosesarka tana iya fitar da hoto da kanta, don ba duka ke iyawa ba. Duk Intel mai F a ƙarshen suna, irin su i5-12400F ko i3-10100F, ba ta da girafik a ciki. A ɓangaren AMD kuwa Ryzen 5 3600 da 5600 da 5600X duk ba su da shi, sai masu G irin 5600G. Daga Ryzen 7000 ne aka fara sa ɗan ƙaramin girafik a kusan dukkansu, shi ma ban da masu F irin 7500F. Mutum ya ga ramin HDMI a bod ya ɗauka ai dole ya yi aiki, alhali ramin hanya ce kawai, farosesa ce ke turo hoton.

Na biyu, wayar wutar farosesa. Can saman bod ta hagu akwai rami mai fin 8 da aka rubuta CPU_PWR ko ATX_12V ko EPS, wurin a matse yake kuma da zarar an ɗaura mai sanyaya farosesa ba a ganinsa sosai, shi ya sa ake mantawa da shi. Ba tare da ita ba fanka za ta iya juyawa amma farosesa ba ta samu abincinta ba. Wayarta ita ce mai rabuwa huɗu da huɗu, ta katin girafik kuma mai rabuwa shida da biyu ce, sun yi kama amma tsarin wutarsu daban, in ka ji tana ƙin shiga kar ka tilasta mata.

Na uku ram, ga shi nan a ƙasa na ware masa tambayarsa. Sai kuma monitar da kanta, ka danna maɓallin zaɓen hanya ka tabbata tana kan HDMI ɗin da ka jona, in da talabijin a gida gwada da shi. In da DisplayPort ka jona canza zuwa HDMI ka gani, wasu tsofaffin katunan NVIDIA ba sa nuna hoton farko ta DisplayPort da sabbin monitoci sai an sabunta musu manhajar cikinsu.

Monita ta tsohuwa ce mai shuɗin kan nan na VGA, na sayi ɗan adafta amma ba hoto.

Katunan zamani sun daina fitar da irin siginar VGA, a wajen NVIDIA tun daga jerin GTX 1000 na 2016 aka cire shi. Don haka ɗan adaftan nan na DVI zuwa VGA wanda ba komai a cikinsa sai waya ba zai yi ba. Wanda kake buƙata shi ne kwanbata na HDMI zuwa VGA mai ɗan akwati a jiki da ke juya siginar.

Na tabbata na sa ram daidai fa, me ya sa kowa ke ce min in sake cirewa?

Saboda ɗan'uwa ram na buƙatar ƙarfi fiye da yadda hannu ke yarda ya danna abu mai tsada. Za ka ga ya tsaya a miƙe kamar ya shiga amma rabin milimita ya rage, musamman a bod ɗin da maƙali gefe ɗaya kawai yake buɗewa, ɗaya gefen sai ka danna har ka ji ƙas. Ka kashe wuta, ka zare su duka, ka sa ƙwaya ɗaya tak a rami na biyu daga wajen farosesa, wanda galibi ake rubuta A2. In ta ƙi, canza ɗayan ram ɗin a ramin dai, in ta ƙi sai ka canza rami. In guda biyu za ka sa a bod mai rami huɗu, na biyu da na huɗu ne, A2 da B2, sai dai in littafin bod ɗinka ya faɗi wani abu daban.

Ka kuma duba irin ram ɗin da aka sayar maka. DDR4 da DDR5 tsagar ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, ba sa shiga ramin juna, kuma bod ɗin Intel na LGA1700 akwai mai DDR4 akwai mai DDR5 da suna kusan iri ɗaya. Wani tarkon da nake yawan gani a kayan hannu shi ne ram ɗin saba, wato na manyan kwamfutocin kamfanoni, za ka ga 16GB ko 32GB da arha mai ban mamaki, in ka duba takardar jikinsa ka ga ECC REG ko RDIMM to wannan ba zai tashi a bod ɗin gida ba ko da ya shiga ramin lafiya lau.

In kuma kana sa ram a rami ɗaya ta tashi, a ɗayan ta ƙi ko wane ram ka sa, ka ɗan sassauta kusoshin mai sanyaya farosesa, ɗaurin da ya wuce ƙima ko ya karkata gefe ɗaya yana hana wasu fin taɓa farosesa. In bai gyaru ba sai a duba soket ɗin farosesa, wato mazauninta a kan bod.

Tawa AM5 ce da DDR5, ta kama amma ta yi ta zama ba hoto, in kashe?

A'a, bar ta. A kunnawar farko bod na gwada ram ɗin yana daidaita shi, kuma a AM5, soket ɗin farosesar AMD mai aiki da DDR5, wannan kan ɗauki mintuna, ram mai yawa ya fi daɗewa. Tana ma iya mutuwa ta sake tashi da kanta sau biyu ko uku. Mutane da yawa su ne ke katse ta da hannunsu bayan daƙiƙa talatin su ce ba ta yi, ka ba ta minti biyar zuwa goma kafin ka taɓa komai.

Akwai ƙananan fitilu huɗu a gefen bod, ɗaya ta tsaya a kunne. Me take nufi?

Alhamdulillahi in bod ɗinka na da su, rabin aikin ya ƙare. An rubuta CPU, DRAM, VGA, BOOT a gefensu, bod na bin su ɗaya bayan ɗaya, inda ya maƙale nan fitila ke tsayawa. A yawancin bod ɗin ASUS ja ta farosesa ce, rawaya ta ram, fara ta girafik, koriya ta but, wato tayar da Windows, wasu kamfanonin kuma duk kala ɗaya ne sai ka haska da tocila ka karanta rubutun.

Amma fitilar wuri take nuna maka, ba hukunci take yankewa ba. In ta CPU ce ta kama ba yana nufin farosesa ta mutu ba, farosesa na cikin abubuwan da suka fi wuyar zuwa a lalace, sau da yawa wayar fin 8 ce ko tsohon BIOS, wato manhajar cikin bod da ke fara tayar da kwamfuta. In ta VGA ce, katin bai zauna ba ko ba a jona masa wutarsa ba, wani lokacin ma monita ce kawai a kashe. Masu RTX 4000 da sama mai sabuwar wayar nan ta fin 16, ku danna ta har ƙarshe kar a bar ko siririn fili, rashin shigarta sosai na sa kan ya yi zafi har ya narke. In ta BOOT ce kuwa ka yi murna, kayanka duk sun wuce gwaji, Windows ce kawai ba a samu ba.

In bod ɗin ba shi da fitilu, nemi ɗan lasifikan nan mai fin huɗu ka jona a inda aka rubuta SPEAKER. Ƙara ɗaya gajere galibi lafiya ke nan, sauran kuma ma'anarsu ta danganta da kamfani, tana cikin littafin.

An ce min sai na sabunta BIOS, to ta ya zan yi alhali ko hoto ba ta nunawa?

Wannan na faruwa in farosesa ta fi bod ƙuruciya. Soket ɗin AM4 ya daɗe sosai, Ryzen na farko ya hau shi a 2017, Ryzen 5000 kuma ya fito ƙarshen 2020, to bod ɗin B450 da ya kwana a sito tun kafin lokacin bai san 5600 ba ko da ta zauna daram a soket. Haka Intel ƙarni na 13 da na 14 a kan B660 ko Z690, haka Ryzen 9000 na 2024 a kan tsohon B650. Irin wannan ya fi samun mu da muke haɗa sabo da na hannu, bod daga kasuwar Computer Village ta Legas farosesa kuma wani ya taho maka da ita daga waje.

Duba bayan bod ko akwai ɗan maɓalli, ASUS na kiransa BIOS FlashBack, MSI Flash BIOS Button, Gigabyte kuma Q-Flash Plus. In akwai, ba ka buƙatar farosesa ko ram ma. Ka samu filash ka goge shi a FAT32, ka sauke fayil ɗin ainihin samfurin bod ɗinka daga shafin kamfanin, ka kula da lambar REV in akwai, ka canza masa suna yadda suka ce, MSI.ROM a MSI, GIGABYTE.bin a Gigabyte, ASUS kuma suna haɗowa da ɗan abin da ke canza sunan da kansa. Ka jona wayar 24 da ta 8, filash a ramin da aka yi wa alama, ka danna maɓallin ka jira fitila ta gama ƙiftawa.

Dan girman Allah kar ka yi wannan a kan wutar NEPA zalla. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu bod na iya sumewa, ka yi shi a kan UPS ko inbata mai caji. In bod ɗin ba shi da maɓallin, sai an aro tsohuwar farosesa da ya sani an tayar da shi da ita an sabunta, masu gyara da yawa na yin wannan da kuɗi kaɗan.

Tana tashi daƙiƙa ɗaya ko biyu ta mutu, ko ta yi ta tashi tana mutuwa.

In ƙiftawa ɗaya take yi ta ɗauke gaba ɗaya har sai ka kashe makunnin baya ka sake kunnawa, fawa fak ne ke kare kansa daga shot. Wanda aka fi kamawa da laifi shi ne ƴan ƙarafan nan da ake ɗora bod a kansu, bod ɗin ATX galibi tara yake hawa, in akwai ɗaya da ya rage a inda bod ba shi da rami to yana gogar bayansa. Ko kusa ta faɗa ƙarƙashi, ko harshen farantin baya ya shige ramin USB.

In kuma sai ta ɗan jima, ta shiga BIOS ma sannan ta mutu, zafi ne. Ƙasan mai sanyaya farosesa sabo na zuwa da leda mai ɗauke da gargaɗi, a cire ta. A tabbata an sa man farosesa kamar ƙwayar wake, kuma fankar a CPU_FAN aka jona ta.

Ta ya zan gwada fawa fak shi kaɗai?

Zare shi daga komai. A wayar fin 24 akwai koriya guda ɗaya, fin na 16, ka lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda ka haɗa ta da baƙar da ke gefenta sannan ka kunna. In wayoyinka duk baƙaƙe ne kar ka yi canke, ka nemi zanen fin ɗin ka ƙirga. Fanka ta juya to yana tashi, sai dai wasu sabbin ba sa juya fanka sai sun ji nauyi, kuma tashi ba ya nufin yana da lafiya. In kana da mita auna rawaya da baƙa, ya kamata ka ga tsakanin 11.4 da 12.6, ja kuma wajen 5.

Abu biyu da ba na wasa da su. Kar ka buɗe cikin fawa fak, yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi. Kuma in mai wayoyin cirewa ne kar ka taɓa sa masa wayar wani fawa fak ko da ta shiga, tsarin fin ɗinsu ba ɗaya ba ne, nan take za ta iya ƙona maka hadis da SSD. Wanda aka ciro daga Dell OptiPlex ko ƙananan HP na ofis ma yawancinsu kan wayarsu na kamfanin ne kaɗai, ba su dace da bod ɗin kasuwa ba.

Wutarmu ta nan na iya zama sanadi?

Sosai ma. Wutarmu a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce, ta Amurka kuma 120, to tsohon fawa fak da ya zo daga can mai ɗan jan makunni a baya, in yana kan 115 ka jona shi a nan ƙara ɗaya zai yi ya tafi. Ka duba ya nuna 230 kafin komai. Sabbin masu kyau ba su da wannan makunnin, suna karɓar 100 zuwa 240 da kansu. In wuta ta zo rabi ko ƙaramin janareta na ta hawa da sauka, gwada ta a wani wurin mai tsayayyiyar wuta kafin ka zargi kaya, wasu inbatoci da UPS masu arha ma ba sa jituwa da fawa fak na zamani.

Sai hunturu. Iska ta bushe, jikinka na tara wutar nan da kake ji tas in ka taɓa ƙofar mota, ita ma tana illa ga ram da bod. Kar ka yi haɗi a kan kafet ko bargo, ka riƙa taɓa ƙarfen kesin kafin ka ɗauki kaya, kuma ka kama su ta gefe.

Na shiga BIOS na kunna XMP, daga nan ta daina tashi.

XMP, ko EXPO a AMD, saiti ne na ƙara wa ram gudu. Goge saitin kawai. Zare wuta, ka haɗa fin biyun da aka rubuta CLR_CMOS ko CLRTC ko JBAT1 da sukundireba na daƙiƙa goma, ko ka cire batirin nan mai kamar kwabo CR2032 na minti biyar ka mayar. Za ta dawo saitin kamfani. Ka fara sa Windows a haka, ka sabunta BIOS, sannan ka sake gwada XMP ko EXPO.

BIOS na buɗewa amma kullum nan take komawa, ko ta ce ba ta ga abin da za ta yi but da shi ba.

Sabon SSD fanko yake zuwa, sai ka sa masa Windows. Ka haɗa filash mai 8GB ko sama da Rufus ko manhajar Microsoft, ka zaɓe shi da F8 a ASUS, F11 a MSI da ASRock, F12 a Gigabyte. In BIOS ba ta ga SSD ɗin ba, siririn SSD ɗin nan na M.2 a karkace ake tura shi har zinaren ƙafarsa ya ɓace sannan a kwantar a ɗaure, kuma akwai M.2 na SATA akwai na NVMe, ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. A wasu bod ɗin sa M.2 na kashe wasu ramukan SATA, canza rami. In BIOS na ganinsa amma wajen sa Windows ba ya fitowa a bod ɗin Intel, kashe saitin VMD a BIOS.

Wanda ya ɗauko tsohon hadis mai Windows a ciki kuwa, in a tsarin MBR aka yi shi sabon bod ba zai gan shi a matsayin na but ba sai an kunna saitin CSM a BIOS, ni dai shawarata ka kwashe fayilolinka ka sa sabuwa. Windows 10 ta daina samun tallafi tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma 11 tana neman wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, a AMD sunansa fTPM a Intel PTT, a BIOS ake kunnawa.

Na yi duk wannan ta ƙi. In kai wa mai gyara ko in mayar da kayan?

Saura gwaji ɗaya, kuma shi ne wanda na fi yarda da shi. Bakanike ba ya sauke inji bai duba kan batir ba, to kai ma fito da bod daga kesin ka ɗora shi a kan kwalinsa, ba kan ledar da ya zo a ciki ba. Farosesa da fankarta, ram ɗaya, wayar 24 da ta 8, monita, kati in dole ne, shi ke nan, ba SSD ba wayar USB ta gaba ba fitilun ado. Tayar da sukundireba. In ta tashi sai ka riƙa mayar da abu ɗaya kana kunnawa, abu ɗaya fa, in ka canza uku lokaci guda ta tashi ba za ka san wanne ne ba kuma gobe zai dawo maka.

In a haka ma ta ƙi, ciro farosesa ka haska. A AM4 ƙafafun na jikin farosesa, a AM5 da Intel suna cikin soket, wanda ya lanƙwashe za ka ga yana ƙyalli daban da ƴan'uwansa, kuma ka duba alamar kusurwa uku ta dace da ta soket. Ɗauki hoto kafin ka taɓa, kuma in na cikin soket ne kar ka sa allura da kanka in ba ka saba ba, masu gyaran waya masu madubin ƙara girma irin na kasuwar Farm Centre ta Kano sun fi mu hannu a wannan.

Daga nan sai musanya, ka je wurin aboki ko shago mai kwamfuta mai aiki a gwada ram ɗinka da katinka da fawa fak ɗinka a tasu ɗaya bayan ɗaya. Katin hannu a duba shi da kyau, in an ce maka GTX 1050 Ti ne ka ga ramin VGA a jikinsa ka yi shakka, manhajar GPU-Z na tona irin waɗannan. Da ka gano wanda ya gaza, ka mayar da shi da wuri da rasit da kwalinsa da murfin soket in bod ne, don garantin kayan hannu a kasuwa kwanaki ne kawai, kuma ka je da bidiyon gwajin a wayarka ka nuna wa mai shagon.